Inshorar da Ta Tsaya a Bakin Iyaka

Sit Kam-fai ya ƙare ƙuruciyarsa yana guga a ɗakin wankin wani otal a Macau, sai da ya yi ritaya sannan ya sayi mota. Ba don kansa ya saye ta ba. Matarsa Yuk-ling ciwon gwiwa ya hana ta hawa bas, ga shi duk shekara sai ta tsallaka iyaka zuwa ƙauyensu a Zhongshan ta share kabarin iyayenta.

Maganar inshora 'yarsu Suk-han ce ta ɗauke masa, daga can Ostareliya inda take aiki.

"Baba, rabu da kamfanonin Macau, tsada gare su," in ji ta a waya. "Na samo maka wani kamfani na ƙasar waje, duk inda ka shiga suna tare da kai."

"Ina ofishinsu yake?"

"Haba Baba, wa yake zuwa ofis yanzu?"

Bai ja ba. A bakin iyaka ya yanki 'yar ƙaramar inshorar dole, wadda kowa ya san ba ta taka kara ta karya ba. Babbar da ya dogara da ita tana cikin wayarsa, da wani yare da ba ya iya karantawa.

Da hantsi suka kusa ƙauyen, ana yayyafi. A wata kwana tsakanin tafkunan kifi, wani dattijo ya fito kan keke mai ƙafa uku da kwandunan agwagi. Kam-fai ya taka birki, motar ta zame. Ya ji ƙarar karon tun kafin ya gane abin da ya faru.

Lo Bing-kuen sunan dattijon. Ƙugunsa ya karye, likita ya ce sai an yi aiki. 'Yan sanda suka riƙe motar, suka tambayi Kam-fai wa zai ɗauki nauyin abin da ƙaramar inshorar ba ta kai ba. Ya miƙa wayarsa da hannu biyu. Ɗan sandan ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Kawu, waɗannan ba mu san su ba a nan. Kira su."

Ya kira. Kiɗa ya amsa masa, sannan wata murya ta yi ta zuba da yaren da bai sani ba, sannan kiɗan ya dawo. Ya sake kira, aka ce da shi wani abu aka kashe.

"Me suka ce?" in ji Yuk-ling. Tana zaune kan benci, furannin da za ta kai kabarin suna cinyarta.

"Ina na sani."

"Ka ce musu mutum ne ya karye."

"Da wane bakin, tsohuwa?"

Suk-han ce ta samu ta yi musu magana. Da ta bugo, muryarta ta sauya. Kamfanin ya ce ba shi da izinin biyan kowa a wannan ɓangaren iyaka, amma za su duba lamarin, a turo hotuna. Aka tura. Suka ce a fassara rahoton 'yan sanda. Aka fassara. Suka ce hatimin mai fassarar bai yi ba. Wanda ke riƙe da maganar ya tafi hutu, wanda ya gaje shi ya nemi a fara daga farko.

Kam-fai ya je hukumar da ke kula da inshora a Macau. Wata mata ta ba shi kujera da ruwan zafi, ta saurare shi har ƙarshe.

"Kawu, ba a ƙarƙashinmu suke ba. Sai dai ka kai ƙara can ƙasarsu."

"Ni ko jirgin sama ban taɓa shiga ba."

Ta sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ci masa rai, matar Bing-kuen ba ta taɓa zaginsa ba. Duk ranar da ya tsallako ya zo asibiti, takan tashi ta ba shi kujerarta.

"Yaya, mutanen naka sun yi magana?"

"Sun ce suna dubawa."

"To. Likita dai ya ce ba zai ƙara hawa keke ba."

Bing-kuen daga kan gado ya ce, "Bar shi ya sha iska, mace. Dubi yadda ya rame, kamar shi aka buge."

Kam-fai ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

Da aka saki motar sai ya sayar da ita, ya haɗa da abin da Suk-han ta turo tana kuka, aka biya aikin. Sauran jinyar kuwa ba wanda ya san inda za ta fito. Yuk-ling ta daina tambayarsa. Shi kuma kowace safiya yakan zauna bakin taga ya buga lambar kamfanin, ya ajiye wayar kan gwiwarsa, kiɗan yana tashi, har shayinsa ya huce.