Kabarin Manniru a Hanyar Iseyin

Ni Rabi'u direban akori-kura ne, doya nake ɗaukowa daga Iseyin zuwa kasuwar Bodija a Ibadan, kuma ramukan hanyar nan na san su kamar yunwar cikina. Abin da ban sani ba shi ne inda aka binne mahaifina, Manniru. Ɗan koren shanu ne tun hanyar tana burtali. Zazzaɓi ya kayar da shi a wani zango ina goye, abokan tafiya suka yi masa sutura a can. Cikin waɗanda suka haƙa kabarin, ƙanensa Baffa Babandi kaɗai ya rage a unguwarmu ta Sabo, shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani.

Bayan babbar sallar 1992 na matsa masa ya shiga gaban mota. Tun daga Ojoo yake mita, wai mota haɗiye hanya take yi, ba ta bari mutum ya gane ƙasa. Da muka karya kwana a Moniya ya ce nan mahautan Ibadan ke tarbarsu da ciniki. Shi ba ya lissafi da garuruwa, sai da mashaya: rafin da shanu ke ƙin sha, rafi mai ƙudan tsando, sannan zangon Aba Onilu.

Jin sunan nan ya ɓata mini rai. Kowane mako a Aba Onilu nake tsayawa sayen garin rogo, ashe gefen mahaifina nake taya kwano ina wucewa.

Amma da muka sauka, Baffa ya juya gabas ya juya yamma ya ce ba nan ba ne, tunda babu rafi. Na nuna masa allon da ke ɗauke da sunan, ya ce allo bai taɓa kora shanu ba. Muna cikin musu tsohuwar da nake sayen gari wurinta ta sa baki da Yarabanci. Ta ce lokacin da aka zuba kwalta an miƙe hanyar, ta bar su a daji, sai suka kwaso turamensu da sunan garin suka dawo bakin titi. Kufan yana can bayan gonaki.

Muka kutsa a ƙafa. Da ƙafarsa ta taka ƙasa sai tsohon nan ya fi ni sauri, har muka ji ƙarar ruwa. A nan ya gaya mini cewa 'yan kore reshen itacen aduruku suke kafawa a kan kabari, don ba ya wuyar kamawa.

Ya kuwa kama. Manomin wurin ma bai sare shi ba, Yarabawa na girmama wannan itace. Sai dai ba ɗaya ba ne. Sun yi layi a bakin rafin cikin rogo, manya da matsakaita, don ba Manniru kaɗai zangon ya riƙe ba.

Baffa ya bi su yana shafawa, ya je ya dawo. Can ya tsaya ya juyo gare ni.

“Rabi'u, ranar da muka bar shi, shi kaɗai ne a nan.”

Tausayinsa ya fi nawa baƙin cikin. Na kama hannunsa muka koma kan itacen farko, na ɗaga hannu na fara addu'a, ina gamawa mu matsa na gaba, yana cewa amin.