Ɗumin da Ke Cikin Sarewar Baba

Sarewar Babana na zaɓa don bincikena. Na auna tsawonta da faɗin kowane rami, na sa kwamfuta ta lissafa yadda iska ke kaiwa da komowa a cikinta, ta fito min da sautin. Ta fito da shi, amma kullum muryar tana ƙasa kaɗan da wadda muka naɗa kafin Baba ya rasu.

Farfesan da ke duba aikina ya gaji. "Ke, rage tsawon sarewar a lissafin mana, su zo daidai. Wa zai je ya auna?"

"Ni na auna, ranka ya daɗe."

"To, zuwa ƙarshen mako. In bai fito ba, zan ba wani gurbinki a babbar kwamfutar jami'a."

Dogo, da muke tebur ɗaya a ɗakin bincike, ya kwashe da dariya. "Sarauniyar taurin kai! Ko kwamfutar taki mura take yi?"

Ko kallonsa ban yi ba. Na sake awo har idanuna suka yi ja, lambobin ba su motsa ba. Ni kuwa ba zan guntule sarewar Baba don a tafa min ba.

A gida Yayata ta same ni da ma'auni a hannu. "Kullum awo sai ka ce tela. Tunda aka ba ki ita, kin taɓa ko busa ta?"

Ban taɓa ba. A ɗakin bincikenmu ba a busa da baki, inji ke hura iska, wai don kada mutum ya ɓata awo.

Da safe na kashe injin, na kunna makirufo, na kai sarewar bakina. Sautin farko ya fito daidai da na kwamfuta. Na ci gaba, Dogo yana toshe kunne. Icen ya fara ɗumi a yatsuna, layin da ke nuna sautin a kan allo ya dinga hawa a hankali har ya tsaya kan muryar Baba. Iska mai ɗumi ta fi saurin ɗaukar sauti. Ashe duk wannan lokacin sarewar da babu kowa a bakinta nake lissafawa.

Na shigar da ɗumin numfashi cikin lissafin. Farfesa ya saurari sautukan biyu, ya sake saurara, ya cire tabarau.

"Gurbinki na nan. Me kika rage?"

"Ban rage komai ba, ranka ya daɗe. Mai busar na mayar."