Agogon da Ya Riga Ladan

Maikano direba ne, yana jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wani lokacin ya kutsa har Fagam. Yana da agogon hannu mai wani, wato irin wanda ake murɗawa da hannu, da ya gada wurin mahaifinsa. Waya na aljihunsa, amma shi lokacin agogon nan kaɗai ya yarda da shi. Matsalar ita ce in mota ta sha gargada sai agogon ya rikice, yau ya yi gaba, gobe ya yi baya.

Ya kai shi rumfar Malam Ishiyaku, dattijon da ke gyaran agogo a bakin tashar Birnin Kudu. Malam ya buɗe bayan, ya maƙala gilashinsa a ido, ya daɗe yana kallo.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Bugunsa ne a hankali, shi ya sa girgiza ke ruɗa shi. Da yana bugawa da sauri, da bai damu da ramukan hanya ba."

"To Malam, a sa masa saurin mana."

Malam Ishiyaku ya yi dariya. Ya yi shekara da shekaru yana canza batir da maɗauri, rabonsa da irin wannan aiki har ya manta. Ya ce zai gwada, amma aikin kashi biyu ne. Zai rage tsawon wata siririyar waya mai kamar gashi, wadda ke juya zuciyar agogon. Sannan sai ya canza wata ƙaramar taya mai haƙora, in ba haka ba hannayen za su riƙa gudu. Tayar kuwa sai an nemo a Kano.

Ranar Juma'a da safe Maikano ya leƙo, ya tarar Malam ya zaga shan shayi, agogon kuma na kan tebur yana ta bugawa caf-caf-caf. Ya kara a kunne, daɗi ya kama shi. Ya saita shi, ya ɗaura, ya bar sallahu wurin mai goron da ke gefe, ya kama hanya.

A Gwaram ya sauke kaya, ya ci abinci, ya duba hannunsa ya ga lokacin masallaci ya matso. Ya yi alwala a gurguje, ya tafi yana haɗawa da sassarfa. Da ya isa babu kowa sai ladan yana shara.

"Baba, har an idar?"

Ladan ya dube shi, ya dubi inuwar bango. "Ko kiran farko ban yi ba, ɗana. Amma tunda Allah ya kawo ka, kama min tabarmin nan."

Haka Maikano ya shimfiɗe tabarmin masallaci kaf, yana yi yana dariyar kansa. Ranar a sahun gaba ya yi salla, daf da liman.

Da yamma ya mayar da agogon. Malam Ishiyaku ya ji labarin, ya yi dariya har sai da ya cire hula.

"Ai na gaya maka saura tayar."

"Kin ji, wai saura taya," Maikano ya ce wa matarsa Jummai da ya koma gida. "Ni da na san mota ba ta tafiya da taya uku."

Mako na zagayowa wani direban Kano ya kawo tayar, an ciro ta daga wani mataccen agogo. Malam ya sa ta, ya ɗiga mai da bakin allura, ya riƙe agogon kwanaki yana gwada shi da labaran rediyo kafin ya yarda ya miƙa. Ya gargaɗe shi cewa yanzu wanin zai fi saurin ƙarewa, kuma mai zai fi saurin bushewa, don haka ya riƙa kawo shi ana dubawa.

Maikano ya bi da shi hanyar Maruta mai gargada cikin damina, ya dawo, agogo bai kuskure ba. Direbobi suka riƙa karɓa suna karawa a kunne. Ba a jima ba biyu daga cikinsu suka tono tsofaffin agogunan iyayensu daga ƙasan akwati, suka ajiye wa Malam Ishiyaku a kan tebur.