Rabin Waƙar Kawu

"Sai da na ce maka kada ka sa shi a wannan akwalar rediyon!"

"Kawu, kai ka ce in juye maka shi a waya. Da hanci zan juye shi?"

"Da hankali, in kana da shi."

Dogo ya zaro kaset ɗin daga rediyon. Aikinsa ke nan a ɗan shagon nan, ɗora wa mutane waƙoƙi a waya, kuma rediyon bai taɓa cin kaset ba sai yau. Zaren ya fito ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza, ya tsinke gida uku.

Waƙar wani mawaƙi ce da ya mutu tun Dogo bai yi wayo ba, wanda babu sauran mai tuna sunansa. Matar Kawu ce ta sayi kaset ɗin shekarar da mijinta ya tafi aikin hanya, ya ce wata biyu, ya yi shekara uku. Bara ta rasu. Kaset ɗin kaɗai Kawu ya hana a raba cikin kayanta.

Dogo ya kwance ƙusoshin, ya yanke inda ya tauye, ya liƙe da salatif, ya naɗe da biro. Da ya kunna, murya ta fito a shaƙe: "Ka ce kwana bakwai, ga ƙofa ta gaji da ganina." Sai ƙara, sai shiru. Abin da ya tsira ke nan.

Ya juya ga kwamfuta. Waƙa sama da dubu goma ce a ciki, ya bincika sunan mawaƙin da ke jikin kaset ɗin ta kowane irin rubutu. Babu. Ya kira abokan sana'a biyu, ɗaya ya yi dariya ya ce ya gwada gidan tarihi.

"Akwai irinta, Kawu," ya ce a hankali. "Sababbi."

"Na 'yan tsalle-tsallen nan naku?"

Ya dai kunna. Kiɗa ya cika shagon, wani yaro yana rera cewa budurwarsa ta ce mako guda, ga shi har wayarsa ta mutu yana jira. Dogo ya sunkuyar da kai. Ita yake ji kullum tun da wadda yake nema ta daina ɗaga kiransa, shi da yake kiran waƙoƙin Kawu kukan tsofaffi.

Kawu ya saurara har ƙarshe. Ya ce a sa wata. Aka sa. Ita ma jira ne, da alkawarin da aka karya.

"Ganga kawai kuka canja," in ji shi. "Ciwon namu ne."

"To in ɗora maka su?"

"Ɗora wa uwarka. Waɗannan ba su san ɗakina ba."

Ya jawo benci ya zauna, kaset ɗin a tafinsa. Ya fara rerawa da bakinsa, ya kai ƙofar da ta gaji, ya tsaya. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake tsayawa a nan. Leɓɓansa na motsi, babu abin da ke fita. Matarsa ce mai riƙe baitocin, shi amshi kawai yake yi.

Wata mata ta leƙo da waya a hannu, ta dube su, ta wuce.

Kawu ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Kai da ka girma a gidana kana jin ta safe da yamma, me ya ce bayan nan?"