Dinyar Tafkin Kalmalo

Malam Nu'man, mai koyarwa a wata Islamiyya cikin Illela, yana da ɗabi'ar da matarsa ta gaji da yi masa tsiya a kanta. Duk Alhamis sai ya hau babur ya nufi tafkin Kalmalo, ya laɓe cikin ciyawa da madubin hangen nesa yana kallon tsuntsaye, sai ka ce kiwonsu aka ba shi.

Mako uku ke nan wata dinya ta hana shi sakat. Jikinta baƙi irin na dinyar daji, amma wuyanta fari fat, ƙafafunta ruwan lemo kamar na dinyar gida. Ya yi zargin ruwa-biyu ce. Ya zana ta a littafinsa, ya zana tafkin da hanyoyinsa, ya rubuta tsuntsaye nawa ke sauka a kowane gefe.

Wata Alhamis yana cikin rubutu da hantsi ya ji bakin bindiga a ƙeyarsa.

'Yan sa-kai ne su huɗu, masu tsare ƙauyen Kalmalo daga ɓarayin daji. Babbansu, wani ƙato mai suna Jabir, ya fizge littafin ya buɗe.

"Gabas, arba'in da bakwai," ya karanta. "Shanun wa kaka ƙilgawa? Wa ya aiko ka?"

Nu'man ya san abin da ake yi wa mai kai wa ɓarayi rahoto, kuma ba a jiran alƙali.

"Wallahi tsuntsaye na, ranka ya daɗe. Wata dinya nika bibiya."

"Dinya? Mutum da gemunai?"

Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikinsu har ya fara kwance igiya daga kafaɗa. Nu'man ya so ya karanto addu'a, duk wadda ya kamo sai ta kuɓuce masa. Da kyar ya nuna zanen da yatsa.

"Ga ta nan. Wuya hwari, ƙahwa ruwan lemo."

"Nan anka haihe ni," in ji Jabir, "ban taɓa ganin irin wagga ba. In tana nan, gwada muna. In babu, kai ka sani."

Nu'man ya ɗora madubin a ido. Ruwa kawai yake gani da duhun ciyawa, gumi yana shiga masa ido. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba.

Jabir ya gaji, ya harba bindiga sama. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Guda ce nauyin jiki ya hana ta tashi da wuri, tana ta dukan ruwa da fukafukai, farin wuyanta a miƙe.

"Ga ta can!" Nu'man ya yi ihu.

Harbi na biyu ya same ta. Aka shiga ruwa aka ɗauko ta tana shure-shure, aka shimfiɗe ta kusa da littafin. Jabir ya dubi wuya, ya dubi ƙafa, ya dubi zanen.

"Gaskiya taka, Malam. Yi haƙuri." Ya zaro wuƙa ya miƙa masa. "Kai na malami. Yanka muna ita maza, kada ta zan mushe."

Nu'man ya karɓa da hannu biyu. Ya fuskantar da dinyar alƙibla, ya yi bisimilla.