Waƙar Da Zubaida Ta Turo

Shekara talatin na yi ina koyar da adabi a wata sakandare a Daura, kuma duk tsawon shekarun nan matata Zubaida tana jin waƙoƙin da nake kira hayaniya. Da ta samu babbar waya sai ta riƙa turo mini su. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. In goge, in koma kan littafina.

Ta rasu da azumin bara. Bayan wata bakwai, ina neman wata lamba, na ci karo da saƙonta na ƙarshe. Waƙa ce, ta turo ta kwana tara kafin a kwantar da ita asibiti. Ko gogewar ban samu sukunin yi ba. Na danna alamar saukewa. Ta juya, ta juya, ta tsaya.

Na kai wayar kasuwa wurin Sabiru mai tura waƙoƙi, tsohon ɗalibina, wanda na sha gaya wa cewa ba zai amfana wa kansa komai ba. Yanzu shagonsa har da fanka biyu. Ya duba data, akwai. Ya ce wayar ta cika, ya share tarkace. Ya haɗa ta da intanet ɗin shagonsa. Shiru.

"Malam, abin ya daɗe. In ba a sauke da wuri ba, sai wanda ya turo ya sake turowa. Ka ce mata ta sake."

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta." Ya dubi kwanan watan saƙon, ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Wayarta fa?"

Wayar ta faɗa rabon ƙanwarta Murjanatu, a Zango. Washegari na shiga mota.

Na tarar da Murjanatu a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Yau malamin littafi ne a gidanmu? Hanya ka ɓata?"

Na gaya mata abin da ya kawo ni, idona a kan tabarma.

"Wayar? An goge komai tuni, 'yata ke riƙe da ita."

Ta bar ni zaune har ta cika kwano. Sannan ta zaro tata wayar daga ƙugu.

"Ai ba kai kaɗai ta tura wa ba. Mu shida ne. Biyar mun ji. A asibiti ma ita take sa a kunna mata, kana waje da jaridarka."

Ta kunna. Muryar wani saurayi ce a kan kiɗan inji, yana ba da labarin mace da ta gama girki tana jiran wanda bai shigo ba. Na kasa kunne iya ƙarfina. A baiti na uku amsa-amon ya karye. Na ji leɓena ya motsa da kansa.

"Faɗi mana," in ji Murjanatu. "Na ga bakinka. Ina kuskuren?"

"Babu."

"Ƙarya kake, Malam. Ita ma ta ce haka za ka yi."

Na ce don Allah ta mayar da waƙar farko. Ta ajiye wayar a gabana, ta jawo buhun gyaɗarta.