Mayafin da Ya Zame a Gaban Ɓera

Ɓera yana zaune gaban allo, da siririyar waya a ƙwaƙwalwarsa, daidai mahaɗar da saƙon ido yake fara bi. Idan ƙwayar jijiya ta amsa, lasifika takan yi ƙara kamar ruwan sama a kan kwano.

Ɗalibar da ke wannan bincike ta kafe cewa ƙwayoyin wurin sun san inda abu ya dosa, kuma digirinta a kan haka ya rataya. Ta tura ratsi hagu a allon, ta tura dama. Shiru.

"Ƙwayar taki barci take yi," in ji Farfesa, malaminta. "Cire wayar, ki canza bincike."

Ta sunkuya za ta cire, sai mayafinta ya zame ƙasa ta gaban idon ɓeran. Lasifika ta ɓarke da ƙara. Ta ɗaga shi, shiru. Ta sauke, ƙara.

"Malam, ƙasa take so! Mu kuwa hagu da dama kawai muka gwada."

Farfesa ya tuɓe hularsa, ya sauke ta gaban ɓeran. Ƙara ta cika ɗakin.

"Kar ki taɓa wayar nan," ya ce, yana dariya.